Ƙarya A Takardar Neman Biza: Mene Ne Hukuncinta A Shari'a?

Muna farawa da sunan Allah Maɗaukakin Sarki, wanda babu abin da ke ɓuya gare shi, na fili da na ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka yi wa laƙabi da Amintacce tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako mun jingine bayanin da muke yi a kan zakka, saboda wata matsala da ta tarar da ni har zauren gidana a Palladan, wadda kuma na tabbata ba gidana kaɗai ta shiga ba.

Wata rana bayan sallar La'asar wani maƙwabcina, dattijo mai tireda a kasuwar Sabon Gari, ya yi mini sallama riƙe da ambulan. Mun fi shekara ashirin muna sahu ɗaya a masallaci, ban taɓa jin an zarge shi da tauye mudu ba. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, 'yar buƙata ce ta kawo ni." Ya ce shekara tara ke nan yana tara kuɗin Hajji, amma duk lokacin da ya matso sai kujera ta ƙara nisa. Wannan kuwa gaskiya ne, domin a shekarar 2025 kuɗin kujera ya haura Naira miliyan 8. Sai wani ejan ya nuna masa hanya mai sauƙi, watau a nemo masa bizar ziyara, ya shiga ƙasa mai tsarki tun da sauran lokaci, ya ɓuya a Makka har ranar hawan Arfa. Abin da ya rage kawai shi ne takarda mai hatimi wadda za ta nuna cewa shi ma'aikaci ne a makarantar da nake koyar da Larabci, yana da albashi, kuma zai dawo bakin aikinsa bayan kwanaki kaɗan.

Na ce masa, "Baba, ai ba ka taɓa aiki a makarantarmu ba." Ya ce, "Na sani, Malam. Amma ai Ɗakin Allah za ni, ba yawon duniya ba." Na ba shi haƙuri na ce ba zan iya rubuta wannan takarda ba. Ya tashi ransa a ɓace, har kwana uku gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu ba. Ni ma abin ya tsaya mini a rai, don na san ƙaunar Ɗakin Allah ce ta kawo shi. Saboda shi da ire-irensa na ga ya wajaba in yi wannan bayani.

ABIN DA YA FARU A JIDDA

Masu karatu za su tuna cewa ranar Litinin 13 ga watan Nuwamba, 1445 ta Hijira na tafiya, watau shekarar 2023, wani jirgin kamfanin Air Peace da ya taso daga Ikko ya biyo ta filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ya sauka a Jidda da fasinjoji 264. Saukarsu ke da wuya hukumomin Saudiyya suka sanar cewa an soke bizar dukkansu. Bayan jami'an jakadancin Nijeriya sun sa baki aka bar mutum 87 suka shiga, aka komo da 177 gida. Maganganu sun yi yawa a lokacin. Kamfanin jirgin ya ce an tantance bizar mutanen kafin su tashi, wasu kuma suka ce kishi ne na kasuwancin jiragen sama. Amma ofishin jakadancin Saudiyya da ke Abuja ya fitar da sanarwa cewa waɗanda aka komo da su sun ba da bayanan da ba daidai ba ne domin su sami wani nau'in biza wanda bai dace da su ba, kuma sai da suka sauka aka gano haka.

Ba mu zo nan don mu yanke wa kowa daga cikin mutanen nan hukunci ba. Mun san yadda al'amarin yake a garuruwanmu, mutum ya miƙa fasfo da kuɗi ga dillali, bai san abin da aka rubuta da sunansa ba sai ranar da aka tsare shi a ƙasar da ba ya jin harshenta. Abin da muke so a lura da shi, dalilin da hukuma ta bayar shi ne ƙarya a takarda, kuma wannan dalili ya isa a juya mutum daga bakin ƙofar Makka, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya a mota ba.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A watan Agusta na 2016 an kama maniyyata 177 'yan ƙasar Indunisiya a filin jirgin sama na Manila, riƙe da fasfo na ƙasar Filifin, suna shirin tafiya Hajji da kujerun da ba nasu ba. Asirinsu ya tonu ne da aka yi musu magana da harshen ƙasar suka kasa amsawa. Ƙasashen Turai ma haka dokarsu take. A Ingila wanda aka kama da yaudara a takardar neman biza ana iya hana shi shiga har shekara 10, a Amurka kuwa dokarsu ta tanadi hani na har abada. Ga shi yanzu ana ɗaukar zanen yatsu da hoton fuska a ajiye a kwamfuta, saboda haka sauya suna da sabon fasfo ba su ɓoye mutum kamar da. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne.

Sai dai mu a wannan fili ba tsoron kamu muke son cusa wa jama'a ba. Tambayarmu ita ce, in da mutum zai tabbata ba za a taɓa kama shi ba, shin ya halatta ya yi?

MECE CE BIZA A IDON SHARI'A?

Larabawa suna kiran biza "ta'ashira", watau alamar da hukuma ke sawa a fasfo don nuna ta yarda mai shi ya shigo. Kalmar sabuwa ce, amma ma'anarta tsohuwa ce a fiƙihu. Malamanmu na da sun yi babi guda a kan abin da suka kira "aman", watau amincin da ake bai wa baƙo ya shiga ƙasar da ba tasa ba bisa sharuɗɗa, a tsare masa jininsa da dukiyarsa, shi kuma ya tsare abin da aka gindaya masa. Da yawa daga malaman wannan zamani sun bayyana cewa biza irin wannan yarjejeniya ce. Idan ka cika fom ka sa hannu a ƙasa, to, ka yi abu biyu a lokaci guda: ka ba da shaida cewa abin da ke ciki gaskiya ne, kana ka ɗauki alkawarin za ka yi abin da ka ce ka fita a ranar da ka ce.

Alƙur'ani mai girma ya buɗe Suratul Ma'ida da umartar muminai su cika yarjejeniyoyinsu, a Suratul Isra'i aya ta 34 kuma ya sanar da mu cewa alkawari abin tambaya ne ranar gobe. Abin lura mafi girma shi ne, a cikin Suratul Hajji kanta, aya ta 30, a tsakiyar bayanin ayyukan Hajji, Allah ya haɗa hani biyu a wuri ɗaya, hani ga ƙazantar gumaka da hani ga maganar zur. Malaman lugga sun ce asalin kalmar "zur" karkata ce, watau a kautar da magana daga inda take a gaskiya. Mai tireda da aka rubuta shi malamin makaranta an karkatar da maganarsa. Mai niyyar Hajji da aka rubuta shi ɗan ziyara, mai niyyar zama neman kuɗi da aka rubuta shi mai Umra, duk zur ne, ko da biro aka yi shi ko da baki.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bakrata cewa wata rana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kishingiɗe yana lissafa wa sahabbai mafiya girman zunubai. Ya ambaci shirka da saɓa wa iyaye yana a kishingiɗen, amma da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausayinsa. To, wanda ya buga hatimi a takardar ƙarya, da wanda ya ba da aron kuɗi na kwana biyu don a nuna a takardar banki sa'an nan a cire, da wanda ya rantse a kotu a kan shekarun haihuwa da ya san ba su ba ne, kowannensu ya dubi wannan hadisi da kyau.

Akwai wani nau'in da ya fi waɗannan muni, shi ne sauya nasaba. Mutum ya ɗauki sunan wani ya mai da shi ubansa a fasfo, ko a rubuta mace ƙanwar wani ko matar wani alhali babu abin da ya haɗa su sai dillali. Suratul Ahzabi aya ta 5 ta yi umarni a kira kowa da sunan ubansa, kuma ya inganta daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa wanda ya danganta kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane, an yi masa narkon haramta masa Aljanna. Ba mu manta da abin da ya faru a watan Satumba na 2012 ba, lokacin da aka tsare mata maniyyata 'yan Nijeriya kimanin dubu a Jidda da Madina a kan batun muharrami, aka komo da ɗaruruwa, har Nijeriya ta dakatar da jigilar alhazai na ɗan lokaci. Daga baya Saudiyya ta sassauta wannan sharaɗi, amma hukuncin ƙirƙirar nasaba yana nan yadda yake.

UZURORIN DA AKE KAWOWA

Uzuri na farko shi ne wanda maƙwabcina ya kawo, cewa niyyar mai kyau ce. Amsa ita ce kyakkyawar niyya tana mai da halal ya zama ibada, amma ba ta mai da haram ya zama halal. Babu malamin da ya ce a yi sata don a gina masallaci. Hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba ya ambaci wurare uku da aka yi rangwame a cikinsu, watau yaƙi, da sulhu tsakanin mutane, da zancen miji da mata don daɗaɗa zama. Neman biza ba ya cikinsu. Bugu da ƙari, Allah bai wajabta Hajji a kan kowa ba sai wanda ya sami iko, kamar yadda aya ta 97 ta Suratu Ali Imrana ta bayyana. Mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya fassara wannan iko da hanya mai aminci, da guzurin da zai kai mutum, da ƙarfin isa tare da lafiyar jiki. Wanda hanya ba ta buɗe masa ba sai ta ƙarya, to, bai sami iko ba, Hajji bai hau kansa ba, in ya mutu a haka babu laifi a kansa. Ashe ba hasara ba ce mutum ya ɗauki zunubi tabbatacce don ya sauke farillar da ba a ɗora masa ba?

Uzuri na biyu, ana cewa Ɗakin na Allah ne, dokar kuwa ta mutum ce, don me za a tsaya bin ta? Mu tuna cewa tsarin rabon kujeru ba ƙasa ɗaya ta ƙaga shi ba. Ƙasashen Musulmi ne a taron ministocinsu na harkokin waje a birnin Amman cikin 1988 suka amince da a ba kowace ƙasa alhaji dubu ɗaya a kan kowane Musulmi miliyan ɗaya, kuma a kan wannan tsari ne Nijeriya ta sami kujeru 95,000 a shekarun 2023 da 2024. Dalili kuwa a fili yake. Mina kwari ne tsakanin duwatsu, ba ya faɗaɗa don mutane sun ƙaru. A 1990 mutum 1,426 suka rasu a turmutsitsin ramin Mina, a 2015 kuma wani turmutsitsin ya ci rayuka masu yawa, cikinsu da 'yan Nijeriya fiye da ɗari biyu. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya ga wata mace mai kuturta tana ɗawafi, ya shawarce ta ta zauna a gida kada ta cutar da mutane, ta zauna. Bayan rasuwarsa wani ya ce mata ta fito tunda wanda ya hana ta ya mutu, ta ƙi, ta ce ba za ta yi masa ɗa'a yana raye ta saɓa masa bayan ya mutu ba. Wannan ya nuna shugaba yana da ikon taƙaita shiga don maslahar jama'a. A kan irin waɗannan hujjoji ne Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta fitar da fatawa cikin Afrilun 2024 cewa bai halatta a tafi Hajji ba tare da izini ba, wanda ya yi haka ya yi zunubi.

Watanni biyu bayan wannan fatawa aka ga abin da ake gudu. A Hajjin 2024 zafin rana ya haura digiri 51 a Makka, ministan lafiya na Saudiyya ya sanar da rasuwar mutum 1,301, ya ce kashi 83 cikin ɗari daga cikinsu ba su da izinin Hajji. Waɗannan bayin Allah ba su da tanti a Mina da Arfa, ba su da motar da za ta ɗauke su, wasu ma suna tsoron zuwa asibiti kada a kama su. Allah ya jiƙan su ya gafarta musu. A Hajjin 2025 hukuma ta sa tarar da ta kai Riyal 20,000 ga wanda aka kama ba izini, da Riyal 100,000 ga wanda ya taimaka masa, tare da kora da hana shiga ƙasar shekara 10. Dattijo mai shekara sittin da ɗoriya in aka hana shi shekara 10, yaushe zai koma?

Uzuri na uku na matasanmu ne, musamman waɗanda suka gama karatu a Samaru da Kongo suna neman fita Turai. Sukan ce ai ƙasar waɗanda ba Musulmi ba ce, yaudararsu ba laifi. Wannan jahilci ne babba. Muslim ya ruwaito cewa Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa sun faɗa hannun Ƙuraishawa a hanyarsu ta zuwa Madina gab da yaƙin Badar, ba a sake su ba sai da suka yi alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Da suka iso suka ba da labari, Manzon Allah ya umarce su su koma su cika alkawarin da suka yi wa mushirikai, alhali kuwa Musulmi ba su fi ɗari uku da 'yan kai ba, abokan gaba sun kusa dubu, ana bukatar kowane takobi. Malaman fiƙihu, cikinsu har da Imamu Shafi'i da Ibn Ƙudama, sun tabbatar cewa Musulmin da ya shiga ƙasar waɗanda ba Musulmi ba da amincinsu, haramun ne ya ha'ince su. Abu Sufyan ma tun yana mushiriki, da Hiraƙal sarkin Rum ya tsare shi da tambayoyi a kan Annabi, kunyar a ce ya yi ƙarya ta hana shi yin ta. Shin ɗan Musulmi zai kasa abin da mushiriki ya iya?

Uzuri na huɗu shi ne lalura. Gaskiya ne Shari'a ta yi rangwame ga wanda aka tilasta, kamar yadda aya ta 106 ta Suratun Nahli ta nuna, kuma wanda ke gudun kisa ko azaba hukuncinsa daban ne. Amma son ƙarin albashi, ko son a kira mutum Alhaji, ko gajiya da jiran layi, ba su kai matsayin lalura ba.

INGANCI DABAN, KARƁUWA DABAN

Wani zai ce, to, wanda ya riga ya yi Hajji ta wannan hanya, Hajjinsa ya ɓaci? A mazhabarmu ta Malikiyya, in ya cika rukunai, watau harama da tsayuwar Arfa da ɗawafin ifala da sa'ayi, Hajjinsa ya inganta, farilla ta sauka, amma yana da zunubin saɓon da ya yi. Haka Shaihu Khalil ya hukunta a Mukhtasar game da wanda ya yi Hajji da dukiyar haram. Sai dai inganci daban, karɓuwa daban.

A nan ina so ɗalibaina na Larabci su saurara. Hajjin da aka yi wa alkawarin Aljanna shi ne wanda hadisi ya siffanta da "mabrur". Wannan kalma daga "birru" take, watau nagarta da ɗa'a. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud kuma ya bayyana cewa gaskiya ita ke jan mutum zuwa ga birru, birru ya ja shi zuwa Aljanna, ƙarya kuwa tana jan sa zuwa fajirci, fajirci ya ja shi zuwa wuta. Tushen kalmar ɗaya ne. Hanyar da ke kaiwa ga mabrur ita ce gaskiya, saboda haka wanda ya fara tafiyarsa da takardar ƙarya ya kama hanyar da ba ta nufi can ba tun daga ƙofar gidansa. Ya kamata mai hankali ya ji tsoron ya sayar da gonarsa, ya sha ranar Arfa, ya komo da suna kawai.

Akwai kuma wata matsalar fiƙihu da mutane ba su lura da ita. Da yawa sukan ɗaura harama a cikin jirgi kafin a sauka Jidda. In aka juya mutum yana cikin harama, yaya zai fita daga cikinta? Malikawa sun yi rangwame ga wanda maƙiyi ko fitina ko tsarewar zalunci ta hana shi isa, ya warware haramarsa inda yake, amma sun sa sharaɗin cewa bai san da abin da zai tare shi ba lokacin da ya ɗaura. Wanda ya san takardarsa ta jabu ce, kuma tsarewarsa bisa doka ce, shigarsa cikin wannan rangwame akwai magana. Duk wanda haka ta same shi kada ya tuɓe harami ya yi shiru, lalle ya nemi malami masanin fiƙihu ya faɗa masa gaskiyar abin da ya faru don a ba shi fatawa daidai da halinsa.

ALHAKIN YANA KAN WA?

Kaso mafi girma yana wuyan dillalan da suka mai da wannan abu sana'a. Suna karɓar kuɗin gwauraye da tsofaffi, su cika fom da abin da suka ga dama, in an komo da mutum su kashe waya. Kuɗin nan haram ne, kuma ba tubar da za ta inganta sai sun mayar wa masu shi. Sa'an nan sai masu hatimi, watau shugaban makaranta ko na ofis, da ma'aikacin banki, da malamin da ke rubuta takardar gayyata ga wanda bai sani ba. Suratul Ma'ida aya ta 2 ta hana taimakekeniya a kan zunubi. Hukuma ma tana da nata kaso, domin wajibi ne ta hukunta dillalan banza, ta kuma sauƙaƙa wa talaka hanyar halal, irin asusun adashin gata na Hajji da Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta buɗe, don kada tsada ta riƙa tura mutanen kirki hannun macuta.

Shi ma mai tafiya ba a sauke masa nauyi ba. Kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba. In ba ka iya Turanci ko Larabci ba, a Palladan da Samaru ba a rasa ɗalibin da zai karanta maka. Ka tambayi wane irin biza aka nema maka, kwana nawa aka ba ka, me aka rubuta sana'arka. Ka tabbatar kamfanin yana da lasisin Hukumar Alhazai. Wanda aka yaudara bai sani ba babu zunubi a kansa, amma wanda ya ƙi tambaya don kada ya ji gaskiya, wannan ya sani.

Mu kuma tuna cutar ba ta tsaya kan mai ƙaryar ba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Duk lokacin da aka kama ɗaya daga cikinmu sai a ƙara tsananta wa dubu, malamin jami'a mai zuwa taro, da mara lafiya mai neman magani, da tsohuwa mai zuwa Umra da halalinta, duk a riƙa kallon koren fasfonsu da zargi. Wannan haƙƙin bayi ne, shi ma za a tambaye shi.

ƘOFAR TUBA

Wanda ya riga ya faɗa ciki kada ya yanke ƙauna. Ya yi nadama, ya daina, ya ƙudurta ba zai koma ba. In takardar ba ta tafi ba ya janye ta. In sunan wani ya ɗauka ya bi hanyar hukuma ya gyara, don kada 'ya'yansa su gaji ƙarya a matsayin nasaba, abin da kan rikita gado da aure. In yana can wa'adinsa ya ƙare, ya nemi hanyar komowa ko ta gyara zamansa bisa doka.

Ya kuma dubi Ka'abu ɗan Malik. Bayan yaƙin Tabuka a shekara ta 9 ta Hijira mutum tamanin da 'yan kai suka zo da uzurorin ƙarya aka karɓa a zahiri, suka tafi abinsu. Ka'abu mai fasahar magana ne, da ya so da ya tsira kamar su, amma ya ce ba shi da wani uzuri. Aka ƙaurace masa kwana hamsin tare da abokansa biyu, Murara ɗan Rabi'u da Hilal ɗan Umayya. Yana cikin wannan ƙunci sarkin Gassan ya aiko masa da takarda yana gayyatarsa ƙasarsa, ya jefa ta a tanderu. Daga ƙarshe Allah ya saukar da karɓar tubarsu a Suratut Tauba, ya biyo da umarni ga muminai su kasance tare da masu gaskiya, ana karanta wannan har gobe.

Wanda aka hana shi biza bisa gaskiyarsa kuwa, ya yi koyi da Manzon Allah kansa. A shekara ta 6 ta Hijira ya fito Umra da sahabbai kimanin 1,400, Ƙuraishawa suka tare shi a Hudaibiyya, a bakin Harami. Bai nemi ya saci hanya ba. Ya ƙulla yarjejeniya ya koma Madina, shekara ta zagayo ya shiga Makka da rana tsaka, ya yi kwana ukun da aka yi sharaɗi ya fita.

Shi maƙwabcina, a rana ta huɗu na je na same shi a tiredarsa, na karanta masa yawancin abin da kuka karanta a nan. Ya daɗe bai ce komai ba, sa'an nan ya ce, "Malam, in na mutu ban je ba fa?" Na ce masa, "Baba, Annabi ya ba sahabbai labari a hanyar Tabuka cewa akwai mutane a Madina da uzuri ya tsare su, amma suna tare da su a lada a duk kwarin da suka ƙetare." Ya karɓo fasfonsa daga wurin ejan, kodayake wani ɓangare na kuɗin da ya bayar bai dawo ba, ya ci gaba da tarinsa. Ina roƙon masu karatu su sa shi a addu'a.

Allah ya sa mu cikin masu gaskiya a baki da a rubuce. Allah ya kira waɗanda ba su je ba ta hanyar halal, ya karɓa wa waɗanda suka je, ya yafe mana kurakuranmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan zakkar dukiyar kasuwanci.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.